Motar Ta Koma Aiki, Ni Ina Kulle a Kudai

Zuwa ga Alhaji Mudir, shugaban shirkar kafa tantuna da nake yi wa aiki a Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Alhaji yana cikin ƙoshin lafiya tare da iyali da ma'aikata baki ɗaya.

Sunana Sani, direban mota mai lamba bakwai, a-kori-kurar nan mai amfani da lantarki da aka saya domin jigilar kaya a Mina. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a ƙarƙashinka. Na rubuta da Hausa domin na sha jin kana yin ta da dattawan da ke ɗinkin tanti, kuma domin Larabcina na kasuwa ne, ba zai ɗauki abin da ke raina ba. Na sa wasiƙar a fili, a zauren direbobinmu na waya, saboda sau huɗu ina zuwa ƙofar ofis mai gadi yana mayar da ni. Ya ce sunana ya fita daga na'ura. Ban ga laifinsa ba. Idan hanyar da na bi ta yi maka nauyi, ina neman afuwa. Ban samu wata ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ofishinka ya kai rahoto cewa na gudu daga aiki, abin da ake kira hurub. Ban gudu ba. Ina da ɗabi'ar rubuta abin da ya faru kowace rana a ɗan littafi tun ina sakandare a Gusau, kuma duk abin da zan faɗa daga cikinsa na kwaso. Inda nake shakka zan ce ina shakka.

Na ɗaya: dokar da aka ba ni.

Ranar da aka damƙa mini motar, an manna wata takarda a bayan madubin kare rana. Abu uku ke cikinta. A ajiye motar a inuwa kullum. Kada caji ya wuce kashi tamanin cikin ɗari, kuma da ya kai a cire wayar. Direba ba ya barin motar da ke hannunsa sai wanda ya ba shi ya karɓa. Injiniyan da ya koya mana ya ce zafi ne babban abokin gabar batir, kuma a Makka ya yi gaskiya. Hajji biyu na yi da ita a Mina, tana ratsa tsakanin tantuna babu ƙara babu hayaƙi, tsofaffi suna barci ba ta tashe su. A nan, kashi tamanin yana kai ni kusan kilomita ɗari uku. Ban taɓa saɓa wa takardar nan ba. Har zolayata direbobi suke yi, wai Sani ya fi tausayin motarsa da kansa, shi yana rana ita tana inuwa.

Na biyu: tafiya arewa.

A sanyin da ya wuce shirka ta samu aikin kafa tantuna a tsaunukan yankin Tabuk, inda mutane ke zuwa kallon dusar ƙanƙara. Aka ɗora motata a bayan babbar mota aka kai ta, ni ma aka tura ni, tare da Malam Ɗanjuma, mutumin Maraɗi mai ɗaure igiyoyin tanti, wanda ya haura shekara hamsin da biyar. Mai kula da aikin a can, wato mushrif, shi ne Abu Nawaf. Babu wanda ya sauya mana takarda. Babu wanda ya ce mana sanyi ma yana da nasa hali da batir. Ni kuma ban tambaya ba. Wannan na rubuta shi a littafina a matsayin laifina na farko, har yanzu ban goge ba.

Ranar Litinin da la'asar na yi abin da na saba. Cajin ya kai tamanin, na cire waya, na zagaya da motar bayan wani katon dutse inda rana ba ta taɓa leƙawa, na ajiye ta. Hannuna ne ya yi, ba tunanina ba. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana farautar inuwa a Makka, da ya ga inuwa can zai nufa.

Na uku: abin da sanyi ya yi mata.

Talata da safe gilashin motar ya yi fari fat, ƙofar ma sai da na sa kafaɗa. Allon gabana ya nuna sanyi ya sauka shida ƙasa da sifili. Inda na saba ganin ɗari uku, sai na ga ɗari da tamanin da 'yan kai. Na ɗauka idona ne. Na kashe na kunna, lambar tana nan. Na mayar da ita wurin caji, sai na ga tana sha a hankali kamar marar lafiyan da ake ɗura wa koko. Minti arba'in ta yi, abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Na nuna wa Abu Nawaf. Ya ce zangon sama, inda za a kai kayan, kilomita tamanin ne kawai, baƙi suna jiran tantunansu, kuma wai ashe ni ɗin nan da ake yabo ina tsoron lamba. Aka ɗaura mini tirela cike da tantuna da ƙarafa, na ɗauki Malam Ɗanjuma muka kama hanya.

Alhaji, hawan dutse ne tun daga farko, ga nauyi a baya, ga iska tana dukanmu ta gaba. Duk kilomita ɗaya da muka ci, sai allon ya zare biyu, wani lokaci uku. A tsakiyar hanya muka tarar an tare titi saboda ƙanƙara ta sa santsi, muka tsaya kusan awa biyu. A nan ne na kunna hita. Motar fetur tana ɗumama mutum da zafin injinta a banza, amma ita wannan daga batir take cire ɗumin, na kuma ga lambar tana sauka muna tsaye. Na sani. Sai dai yatsun Malam Ɗanjuma sun sandare, ya kasa riƙe carbinsa, leɓensa ya sauya launi, yana ta cewa in bar shi, shi ɗan sahara ne, sanyi ba baƙonsa ba ne, alhali haƙoransa suna kaɗawa. Ban kashe ba. Na yi wannan lissafin a littafina ya fi sau goma: da ban kunna hita ba, da mun isa? Wani lokaci ya fito mun isa da kyar, wani lokaci ya fito ba mu isa ba. Ban san gaskiyar ba. Abin da na sani, ko yau aka maimaita zan kunna.

Da aka buɗe hanya muka ci gaba. Motar ta fara rage ƙarfi da kanta, ina taka ta tana tafiya kamar ana janta ta baya. Saura kilomita goma sha ɗaya ta tsaya, da azahar, a gefen hanya kusa da garken wani dattijo mai kiwon awaki. Motar fetur, jarka ɗaya ta ishe ta. Wannan ba a kawo mata wuta a jarka.

Na huɗu: kwana goma sha tara.

Na kira Abu Nawaf. Ya aiko wata mota ta ja tirelar, ta tafi da Malam Ɗanjuma. Ni kuwa ya ce in tsaya da motar, amana ce a wuyana, motar ɗauka tana zuwa gobe in Allah ya yarda. Takardar ma haka ta ce. Na tsaya.

Gobe ta zama jibi. A kwana na huɗu ya ce direban motar ɗaukar ba shi da lafiya. A na bakwai ya ce ofishin Makka ne zai turo. Daga na tara wayarsa ta daina shiga. Daga baya na ji ashe an naɗe zangon gaba ɗaya, shi kuma kwangilarsa ta ƙare ya tafi garinsu. Na kira lambar ofis sau ashirin da uku, kowanne na rubuta ranarsa da lokacinsa. Sau biyu aka ɗauka, duk biyun aka ce za a duba.

Dattijon nan mai awaki shi ya riƙe ni. Ya ba ni bargo da gurasa da madara, yana caja mini waya da ɗan faifan hasken ranarsa. Kullum da hantsi sai in je in share wa motar gilashi, in zagaya ta, in duba tayoyi. Yana kallona yana dariya, yana cewa bai taɓa ganin mai kiwon ƙarfe ba sai ni, dabbar da ba ta ci, ba ta tafiya, ba ta ba da nono. Sau biyu masu wucewa suka ce in hau su sauke ni a gari. Na ƙi. Yanzu idan na tuna sai in rasa ko riƙon amana na yi ko wauta. Amma da na tafi wani abu ya sami motar, na san abin da ofis zai kira ni.

A kwana na goma sha tara motar ɗauka ta zo. Direbanta ya yi mamakin ganina, domin takardarsa ta ce mota zai ɗauko, ba a ambaci mutum ba. Da muka sauko ƙasa mai ɗumi aka sa mata caji, ta sha kamar ba abin da ya taɓa samun ta. Wani makanike a wurin ya saurari labarina, ya riƙe baki. Ya ce a ƙasar sanyi ana barin irin wannan mota a jone har lokacin tafiya, ana ɗumama batirin da cikin motar tun tana kan waya, ana ajiye ta a rufaffen wuri ko inda rana ke bugu, ana kuma cika ta idan za a ja kaya. Wato duk abin da takardarku ta ce, kishiyarsa ake yi. Na zauna a bakin shagonsa na rubuta maganarsa ɗaya bayan ɗaya.

Na biyar: halin da nake ciki.

Na iso Makka na tarar an riga an kai rahotona. Abin da na fahimta, 'yan zangon duk sun dawo sun danna yatsa a na'urar ofis, ni ban danna ba, kwanakin fashin aiki da doka ta ƙayyade suka cika, wani ya cike takarda. Ban ce da mugunta ya yi ba. Amma a daidai lokacin da ake rubuta cewa na gudu, ina tsugune kusa da dukiyarku ina kankare mata ƙanƙara da katin iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar nan.

Yau mako biyar ina cikin ɗaki ɗaya a unguwar Kudai, nan Makka. Ba na aiki, domin babu mai ɗaukar wanda sunansa ke da wannan tabo. Ba na nisa, domin a shingen bincike na farko zancena zai ƙare. Ina jin kiran sallar Harami daga tagata, motocin da ke kai mutane can suna wucewa a gabana, ni ina salla a kan tabarma tsakanin gado da ƙofa. Abokan ɗakina ke sayo mini abinci. Matata tana kira daga Gusau tana tambaya ya aiki, ina cewa da godiya. Ban taɓa kwana ɗaya a ƙasar nan ba tare da takarda ba, kuma ka san ƙarshen mai hurub: a kama shi, a fitar da shi, a rufe masa ƙofa. An kuma gaya mini janye rahoto yana da wa'adi, kuma nawa ya kusa cika.

Malam Ɗanjuma ya san komai, amma iƙamarsa tana hannunku, ba zan sa shi a tsaka mai wuya ba. Ya zo ya gaishe ni sau ɗaya, ya kasa haɗa ido da ni. Shi ne ya gaya mini lamba bakwai ta koma aiki a Mina da makullin ajiya, wani ke tuƙa ta, lafiyarta ƙalau. Na tambaye shi ko takardar tana nan a bayan madubi. Ya ce tana nan.

Don haka, Alhaji, ina roƙon abu uku. Ka janye rahoton nan kafin wa'adinsa ya cika. Wannan shi ne rayuwata. Ka sa a buɗe ƙwaƙwalwar motar, domin injiniya ya ce tana ajiye inda ta tsaya da tsawon zamanta, a gwada da littafina shafi da shafi. Idan aka sami rana ɗaya da na yi ƙarya, na yarda da duk hukuncin da ka yanke. Sannan ka sa a cire takardar nan kafin a sake tura wani arewa, ko a rubuta a ƙasanta cewa ta Makka ce kawai. Wanda zai bi bayana shi ma ɗan inuwa ne, kuma ba lallai ya tsaya kusa da mai awaki ba.

Idan kuma ka ga hitar da na kunna laifi ce da ta isa kora, ka kore ni da sunana na gaskiya, in tafi gida ta ƙofa kamar yadda na shigo. Amma kada a bar ni da sunan wanda ya gudu.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, ya albarkaci shirka da zuriya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya nuna maka gaskiya ya ba ka ikon bin ta.

Makullin lamba bakwai yana aljihuna. Takarda ta ce ba na rabuwa da shi sai wanda ya ba ni ya karɓa, kuma da hannunka ka ba ni. Mai gadi ya ƙi karɓa. Ina Kudai, hawa na biyu, bayan shagon mai gyaran taya. Duk lokacin da aka zo za a same ni.

Wassalam.

Ma'aikacinka,
Sani, direban lamba bakwai.