Mangwaro Bakwai

Litinin, 13 ga Afrilu, 1998
Kwana tara ke nan ana ruwa a Guangzhou. Baba ya tafi tashar jiragen ruwa ta Huangpu lodin kwantena. Na sake karanta littafin soyayyar da Sa'adiya ta aiko min daga Kano, karo na huɗu. A ciki ma ruwa ake, amma su lema ɗaya ta ishe su. Ni sai warin danshi a hijabi.
Maharazu bai zo ba, ɗalibin nan ɗan Damagaram da ke yi wa Baba tafinta. Ba wai jiransa nake ba.

Talata, 14 ga Afrilu
Pu Ayi, mai taya Umma aiki, ta dawo daga garinsu a tsibirin Hainan. Musulma ce. Da hannu biyu ta miƙo min mangwaro bakwai a leda, ƙanana, duk sun yamutse. Na yi godiya. Tana juya baya na antaya su a kwandon shara, har ina ce wa Umma ko akuyar Fagge ba za ta kalle su ba.
Ayi ce ke zubar da shara. Ban tuna ba sai da na idar da magariba.

Alhamis, 16 ga Afrilu
Ledar na kan taga, a wanke, a ninke. Ayi ba ta kalle ni ba.

Juma'a, 17 ga Afrilu
Maharazu ya zo. Da ma bai zo ba.
Umma ta sa ya tambayi Ayi me ya ramar da ita. Ina bayan labule. Ta ce wata shida ba ɗigon ruwa a ɓangarensu, alhali bayan duwatsu ana samu. Shinkafa ta ƙone a gona. Mijinta a keke yake ɗauko ruwa da jarka yana bin bishiyoyin mangwaro ɗaya bayan ɗaya. In damina ba ta sauka ba kafin ƙarshen Mayu, gonar za su sayar.
Sai ya ɗaga murya: "Ƙanwata Maijidda, wai 'yarta sa'arki ce, ita ta zaɓo miki masu kyan ciki. Da zaƙi kuwa?"
Na ce eh.
Ayi ta san "eh". Kullum tana jin sa a gidan nan.

Asabar, 18 ga Afrilu
Na buɗe littafi, na rufe.

Laraba, 22 ga Afrilu
Na tuna shekarar da muka je ƙauye wajen Kaka Tankari, aka fita roƙon ruwa. Kowa ya juya rigarsa ciki ya koma waje, har liman. Lokacin dariya na yi ta yi.
Yau na ɗauki azumi, na juya hijabina. Umma ta ce, "Roƙon ruwa a garin da ruwa ya hana mu shanya? Ke dai Allah ya shirye ki." Ban gaya mata dalili ba. Ina jin ta sani.

Juma'a, 24 ga Afrilu
A matakala muka yi kiciɓis da Maharazu, ɗinkin hijabina duk a waje. Na so ƙasa ta tsage.
"Ƙanwata, hijabinki a juye..." Sai ya gane. Ɗan Damagaram ne, ya san fari. Ya ce, "Na wa?"
Ban san inda na samo bakin ba. Na ce ya zo ya fassara min. A gabansa na gaya wa Ayi ban sha mangwaron ba, zubarwa na yi, kuma ƙarya na yi. Sai da ya fassara kowace kalma, kansa a ƙasa.
Ayi ta daɗe tana kallon ɗinkin. Ta tambaye shi, ya yi mata bayani. Ta ce su ma limaminsu haka yake yi. Ta ci gaba da yanka albasa.
Ba haka na tsara maganarmu ta farko da shi ba.

Litinin, 4 ga Mayu
Kullum da safe nakan nuna wa Ayi sama in ce "Hainan?" Ta ce "meyo". Babu.

Talata, 19 ga Mayu
Yau tun daga ƙofa ta ce "yo". Akwai. Kaɗan, ta nuna da yatsu biyu, amma ya jiƙa ƙasa, mijinta ya ce wa mai sayen gona ya dakata. Ta kama hijabina, ta cire, ta juya shi daidai, ta mayar min da kanta.
Littafin Sa'adiya na ƙarƙashin katifa tun yaushe. Maharazu ya zo ɗazu, ina jin ya gaishe ni. Ina gaban talabijin, an kusa nuna taswirar yanayi.