Ƙuri'a Ta Faɗa Kan Ƙauyenmu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya maiɗakinka da yara? Nan Faskari kowa lafiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, karatun digiri na ukun nan ya fi ƙarfina. Tun ranar farko malaminmu ya ce ba mai zama dakta sai ya iya lissafin ƙididdiga, ni kuwa rabona da shi tun ina saurayi. Ya tambayi inda zan auna amfanin dawa don bincikena. Na ce gonakin bakin titi wajen Sheme, tunda nan ake zuwa a dawo lafiya. Ya ce wannan son rai ne, a ƙa'idar lissafi dole kowane ƙauye ya samu dama daidai da ɗan'uwansa. Ya sa na rubuta sunayen ƙauyukan yankinmu, aka nannaɗe, aka zuba a hula, na sa hannu.

Ƙauyenmu na ciro, Yaya. Ya ce, "Madalla, can za ka fara." Na kasa gaya masa cewa tun da 'yan bindiga suka tashe mu, ciyawar gonar Baba ta fi ni tsawo. Me zan auna?

Ka sa ni a addu'a, na rasa mafita. Ka gai da kowa. In ka kira Inna kada ka ambaci maganar nan, har yanzu makullin gidanmu na ƙauye yana ɗaure a bakin zanenta.

Ƙaninka,
Lawal