Ƙofar Tsakiyar Kogi

Guoika, 19 ga Mayu

Yaya Ravdna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da maigidanki Juhan da duk mutanen Savvon. Ƙanƙarar kogi ta fashe shekaranjiya, takardar gwamnati kuma ta biyo bayanta. Wai bana kada wani ɗan ƙabilarmu ta Sami ya kafa shingen kifi, domin luossa, kifinmu mai hawowa daga teku, ya yi ƙaranci. Su kuwa baƙin kudu masu ƙugiya da dogon takalmin roba, an bar musu tasu.

Mu masunta arba'in muka taru a tsibirin tsakiya da niyyar rubuta takardar roƙo. Sai tsohuwa Gaddja ta miƙe ta ce, "Roƙon wa? Yaushe muka ba su kogin, har za mu nemi aronsa?" Daga nan magana ta sauya. Mun kafa tuta, mun zaɓi majalisar mutum bakwai, har da ni. Mun shelanta cewa daga bakin teku zuwa mafarin ruwa, dokar Sami ce ke ci. Gobe zan buga turakun shingen Baba a gurbinsu.

Ki gaishe da Inna.
Ƙaninki, Asllat

Savvon, 21 ga Yuni

Ranka ya daɗe ɗan majalisa,

Muna lafiya, mun gode. Wai kai da ba ka iya ɗinke taru ba sai na kama maka, yau kai ne mai ƙasa. Amma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mu ma mun ɗaga tuta a nan, ni na ɗinka ta da hannuna.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mako uku ke nan da ya kamata kifi ya iso mana nan sama, ko ɓawonsa ba mu gani ba. An ce kun haɗe shingenku daga gaɓa zuwa gaɓa. Na ce ƙarya ce, ɗan gidanmu ba zai yi haka ba. Shinge daga gaɓa yake fita ya tsaya, a bar zurfin tsakiya a buɗe, ƙofar mutanen sama ke nan. Baba ya shekara tara ba ya ga maciji da Kawu Piera na nan sama, amma bai taɓa rufe masa ƙofa ba. Rubuto ka ce mini ƙarya ce.

Ka huta lafiya.
Yayarki, Ravdna

Guoika, 27 ga Yuni

Yaya,

Ina gaisuwa. Gaskiya ce, amma ki saurari dalili. Sau biyu jiragen ruwan 'yan sanda suna zuwa, kuma ta wannan zurfin kaɗai za su iya kaiwa tsibirin, sauran duk duwatsu ne. Majalisa ta yi ƙuri'a, aka rufe. Tun daga ranar ba su sake matsowa ba.

Yaya, da kin ga tsibirin yanzu! Makiyaya sun sauko daga tudu, mutanen wasu koguna sun zo da tantunansu, 'yan jarida na shan gahawarmu. Ba maganar kifi ake yi ba kuma, maganar ƙasarmu ake yi, da makarantu cikin harshenmu. Abin da kakanninmu ba su gani ba ga shi a tafin hannunmu. Ku ƙara haƙuri zuwa ƙarshen watan gobe. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Naki, Asllat

Savvon, 2 ga Yuli

Asllat,

Gaisuwa. Dutsen kai za ka dafa, mu kifi muke ci. Luossa bai san ranar zaman majalisarku ba. In bai hau ya zuba ƙwai a tsakuwarmu bana ba, nan da shekara biyar me za ku mulka? Kogin ruwa zalla? Gwamnati ta ce mu ke ƙarar da kifi, ga ku nan kuna gaskata ta.

Jiya na karanta wa Inna wasiƙarka. Ta ce, "Ashe ubangida muka canza. Na dā dai ban goya shi ba." Ta juya ta fuskanci bango. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kai ya ɓaci.

Mazan Savvon sun rubuta wa gwamnati ta zo ta fasa shingen. Ka ji inda kuka kai mu, Sami na kai ƙarar Sami wurin mutanen kudu. Juhan ya riƙe takardar a aljihunsa zuwa Lahadi, bayan nan ba shi da iko. Ba roƙonka nake yi ba. Ka san abin da ya dace.

Ravdna

Gidan waƙafi na gunduma, 9 ga Yuli

Yaya,

Ina gaishe ku. Ran Asabar da rana tsaka na shiga kwalekwale na tuge turaku goma sha ɗaya na tsakiya, kowa na kallo. Majalisa ta hana, ban ji ba. Gaddja ce kaɗai ta shigo ta riƙe mini kwalekwalen, tana cewa, "Ja da ƙarfi, ragon banza, ba haƙori kake cirewa ba." Kifi ya taru a gindin shingen har ruwan ya yi baƙi. Ina ganinsu suna wucewa ta ƙarƙashina.

Ran Litinin jiragen 'yan sanda huɗu suka shigo ta ƙofar da na buɗe. Sun rushe tantuna, sun kwashe mu, mu ashirin da uku. Ɗaki ɗaya muke. Ba mai yi mini magana, sai dai in na wuce a ce, "Ba wa mai ƙofa hanya." Ba na barci sosai. Ban sani ba ko na sayar da ƙasa ne.

Abu ɗaya nake son ji. Kifayen sun iso?

Ƙaninki, Asllat

Savvon, 13 ga Yuli

Ƙanena,

Sun iso. Inna ta ci, ta ce a gaishe ka. An yaga waccan takardar. Juhan da maza talatin sun gangara tsibirin yau da safe, da tantunansu, su tsaya a gurbinku.

Ga babba ɗaya nan na ƙyafe na aiko. Na yanka shi ashirin da uku. Wanda ya ƙi yi maka magana, ya ƙi ci mu gani.

Allah ya fito da ku lafiya.
Yayarka, Ravdna