Inna ta maida kowa Bengou

Gaya, daren Alhamis

Yau dai taswirar ta yi aiki. Tun damina nake fama da kod ɗin nan na kyauta da na ɗauko a intanet, rezon waya na zuwa yana ɗaukewa. A kan taswirar, kowane ɗan gidanmu ɗigo ne ja. A ƙasa akwai layin shekaru. In ka ja shi gaba sai ɗigogin su watse daga garinmu Bengou, wasu Yamai, wasu su ƙetare gada zuwa Malanville. Wanda ya rasu, nasa ya dushe.

Da la'asar na nuna wa Inna a talho. Ta ja gaba sau ɗaya, ta yi tsaki. Sai ta ja baya a hankali, da yatsanta mai lalle. Mutanenta suka riƙa dawowa gida ɗaya bayan ɗaya. Ɗigon marigayi Baba ya sake kamawa.

Ni da hannuna na rubuta abin da ke sa shi yin haka, amma sai da tsigar jikina ta tashi.

Na miƙa hannu zan karɓa, ta ce, "Bar su tukuna, Hadiza. Yanzu suka iso."

Talhon a ɗakinta zai kwana.