Tiyon da Na Ɓoye Maka, Yaya

Zuwa ga Yayana Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a duk inda kake. Wasu sun ce Fatakwal, wasu sun ce Legas. Ka toshe lambata shekara biyu ke nan, kuma ka yi daidai. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai karanta. A gaban jama'a na ci mutuncinka, to a gaban jama'a zan faɗi abin da ya rage.

Ka tuna lokacin da fetur ya yi tsada ka ajiye motarka a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na Kurmin Sarki, ka koma bin bas zuwa aiki Abuja. Sai ran Lahadi kake tada ta, ka wanke, ka yi ta goge ta kamar amarya.

Ni kuma ga sana'ata ta ƙuliƙuli, ga damina, ɗakin ajiya yana yoyo. Sai na ga but ɗin motarka wuri ne busasshe da ba mai amfani da shi. Sau ɗaya ka kama buhunan gyaɗata a ciki. Ka ce, "Hauwa, gyaɗa gayyatar ɓera ce, kuma in ya shiga mota ba a but yake tsayawa ba." Na ce ka cika iyayi, kamar kai kaɗai ka taɓa sayen mota a Suleja. Na kwashe a gabanka. Ran Litinin kana fita na ɗauko makullin da ke rataye a ɗakin Mama na mayar da su. Haka na riƙa yi har wata uku, in saka Litinin in kwashe Asabar, in share wurin tas.

Ranar Larabar da Mama ta faɗi, likita ya ce a wuce da ita Abuja da gaggawa. Aka kira ka, ka kamo hanya. Ka san abin da nake yi kafin ka iso? Mama tana kwance tana jan numfashi, ni ina jan buhuna daga but don kada ka gani. A nan na lura ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin gaban motar. Na sa ƙafa na tura yashi a kai. Ka iso a guje, ba ka ko cire takalmi ba, ka ɗauki Mama. Wa zai tsaya buɗe bonet a irin wannan lokaci?

Muna isa Gauraka allurar zafi ta hau ja, tururi ya turnuƙe gilas, motar ta mutu. Ka buɗe murfin lagireto da hannu, ya ƙona ka. Ka sayi ruwan leda kana ɗurawa, yana tsiyayewa ta ƙasa. Ka tsaya tsakiyar titi kana ɗaga hannun nan da ya saluɓe, motoci suna kauce maka. Kafin wani bawan Allah ya tsaya, kan Mama ya riga ya yi nauyi a cinyata.

Na san kwana ne ya ƙare. Kowa ya sani. Amma ba haka na ce ba da muka dawo gida. A tsakar gida, mata cike, na nuna ka na ce, "Ga mai mota nan, ko ruwa bai iya dubawa. Shi ya kashe ta." Baba ya ji. Da ka je za ka zauna kusa da shi karɓar gaisuwa, ya ce ka tashi masa daga tabarma. A bakin ƙofa ka tsaya kwana uku, da ƙyalle ɗaure a hannu, mutane suna wuce ka suna yi mana ta'aziyya.

Ran uku na koma Gauraka ɗauko mayafin Mama da carbinta. An tura motar garejin wani dattijon bakanike, Malam Audu. Ya ce in zo in gani. Ya nuna mini tiyon sama na lagireto, ya matsa, lafiyarsa lau. Sannan ya miƙo mini na ƙasa, wanda ya riga ya cire. Ya ce in tiyo ya tsufa, kumbura yake yi ya tsage a tsaye. Wannan kuwa an gwaigwaye shi ne, layi biyu-biyu a jere, har ya yi fata-fata, da inji ya ɗau zafi sai ya ɓare. Ya zura hannu bayan batir ya zaro sheƙa guda, tsumma da zaren buhu da ɓawon gyaɗa cike da tafin hannu. Ya ce, "Wannan ba sakaci ba ne, haƙori ne. Ko da ya duba ruwa ran Lahadi zai same shi a cike. Kai wa mai motar ya gani, hankalinsa ya kwanta."

Zaren buhun shuɗi ne. Na gane shi.

Na naɗe tiyon a cikin mayafin Mama na dawo gida. Na same ka a zaure, ka tambaye ni me bakanike ya ce. Na ce ban same shi ba.

Da a nan na tsaya, da sauƙi. Ran bakwai aka kawo abinci, ka miƙa hannun hagu don na dama bai warke ba. Na dube ka na ce wasu dai ba su da kunya, har abinci yana wuce musu. Da sanina na faɗa, Yaya. Tsoro nake ji in na yi shiru a fara tambaya. Ka ajiye cokalin, ka wanke hannu. Washegari babu kai babu jakarka, motar ma ba ka koma ta kanta ba.

Kai ne kake raka ni makaranta, kai ka saya mini injin matsar mai na farko. Abin da na saka maka da shi ke nan. Na tsani kaina, kuma ina kewarka fiye da yadda bakina zai iya faɗa.

Idon Baba ya tafi yanzu. Har yau in aka ambaci sunanka sai ya juya fuska ga bango. Tiyon yana ƙasan akwatina. Da na tura wannan wasiƙa zan kai masa in sa a hannunsa. Ba zai gani ba, amma yatsunsa za su ji shatin haƙoran, ni kuma in faɗa masa gyaɗar wa suka ci. Wataƙila ni ma ya ce in tashi masa daga tabarma. Zan tashi, wurinka ne dama.

Allah Ya jiƙan Mama, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya warkar maka da hannun nan da abin da ya fi hannun ciwo, Ya dawo da kai Baba yana da rai. Ban roƙi ka yafe mini ba. Ka dai zo ka zauna.

Ƙanwarka,
Hauwa