Mudun Baffa

Da sunan Allah. Daga Sadiyatu zuwa ga ƙanena Abdulwahabu, a Ƙofar Rini.

Ka gafarce ni da dame ka, na san hidimar jama'a ta yi maka yawa. Ina gaisuwa. Yaya ibada, yaya Zulaihatu da yara? Ciwon ƙafarka ya yi sauƙi?

Bayan haka, ka tuna ran da aka sa ka cikin masu duba lamarin kasuwa da unguwanni. Ka zauna a tabarmata ka ce abu uku ke gabanka: rufin zauren karatunmu, awon gaskiya, da dogarai a hanyar matan ƙauye masu zuwa ɗaukar karatu. Rufi dai damina ta wuce a kanmu, muna kare alluna da zannuwa. Dogarai kuma an ce suna ƙofar manyan fatake. Na ce a raina komai da lokacinsa.

Ran nan ne ka roƙi mudun tagulla na marigayi Baffa, mahaifinmu, wanda yake auna zakkar fidda kai da shi, don a gwada mudun kasuwa a kansa. Da hannuna na naɗe shi na ba ka.

Shekaranjiya ɗalibata Iyatu ta auno gero mudu huɗu, da mudu mai hatiminku, don zakkarta. Na juye a tsohuwar ƙwaryar da Baffa ya yi wa zane daidai mudu huɗu. Bai kai zanen ba, saura yatsa biyu. Na ce ko hannuna ne. Na sake har sau uku, na sa aka auno daga wata rumfar. Haka dai. Iyatu ta koma ta yi magana, mai awo ya yi mata dariya, wai in tana da ja ta je ta ja da Malam Yari a kabarinsa, da mudunsa aka gwada.

Abdulwahabu, sunan mahaifinmu ke nan a bakin 'yan awo. Kwana biyu ina nema maka uzuri, ban samu wanda zan iya faɗa da azumi a bakina ba. Ko ka sani, ko ba ka duba ba, ban san wanne ya fi mini ciwo ba.

Sallah saura kwana shida. Mata talatin ke jiran in ce musu su auna da mudun kasuwa, ni kuwa ba zan sa su fidda zakka tauyayya ba. In sun tambaye ni dalili, ba zan yi ƙarya ba, ko da sunanka zai fito.

Ka maido mini mudun Baffa. Don Allah ka ba ni amsa kafin Juma'a.

Wassalam. Yayarka,
Sadiyatu