Haƙorin Hafsatu Yana Kan Rufi

Yaya Bello,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Inna tana gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi.

Ɗiyarka Hafsatu ta yi giɓi, haƙorinta ya fita. Ana haka sai ga wani mai bincike ya shigo Anka yana tara haƙoran yara da suka fita. Wai zai shafe rabin haƙori da jan farce, ya jiƙa shi a ruwan tsamiya ko lemon kwalba, sannan ya auna zurfin da tsami ya ci a ɗaya rabin. Aikin gaskiya ne, na ga ana yin sa a jami'a. Amma mai binciken tsami bai tambayi abin da yarinyar ke sha ba. Tambayarsa ɗaya ce, ko mun taɓa zama kusa da inda ake niƙa dutsen zinariya. Ni kuwa na san haƙori yana ajiye dalma, gubar nan da ke cikin ƙurar dutsen.

Inna ta ce, “Mi za ya yi da haƙorin ɗiyar mutane?” Ta sa Hafsatu ta jefa shi kan rufi tun ƙadangare bai gani ba.

Idan dalma yake nema, mun fi shi son sani. Na ce ya faɗi gaskiya, ya kuma dawo mana da sakamako, ni da kaina zan hau rufin in ɗauko masa haƙorin. Har yau bai dawo ba.

Ka sa Hafsatu a addu'a. A gaida su Malam Isa.

Ƙanwarka,
Rabi